Sandunan Ƙarfe Uku da Na Shanya

Wata biyu ke nan da dawowata, amma har yau in cokali ya faɗi a tsakar gida ya yi ƙara, sai in zabura. Inna ta ce a karɓo mini rubutu in sha. Yayata Luba ta ce in manta kawai, tunda na dawo da ƙafafuna. Ni kuwa na gaji da tambaya guda da kowa ke yi mini daga Birnin Kebbi har Argungu: shekara aka ce za ki yi, me ya maido ki a wata tara? Wasu ma sun riga sun ba kansu amsa, kuma na san irin amsar da ake laƙa wa mace. To ga tawa a rubuce, kowa ya karanta ya ƙyale ni.

Sunana Kulu. Ubana masunci ne a Argungu. Da na gama sakandare na samu aikin wankin kwalabe a ɗakin gwaji na wata makarantar fasaha a Birnin Kebbi. Ina nan takarda ta zo daga Sakkwato, ana neman waɗanda za a tura wata ƙasa ta gabashin Turai su koyo aikin kula da na'urori. Wanda ya dawo da takardar ƙwarewa ya rabu da wankin kwalba ke nan, shi za a damƙa wa ɗakin gwaji. Aka zaɓe ni, ni kaɗai ce mace a cikinmu. Baba ya sha surutu a bakin gulbi kafin ya amince, amma ya amince. Sunan ƙasar ba zan rubuta ba, bakina ma ba ya son faɗinsa.

Zangonmu na farko tashar jirgin ƙasa ce a babban birninsu. Wanda aka ce zai tarbe mu bai zo ba. Muka tsaya awa uku da akwatuna, ni da takalmin roba da safa, sanyi na cin yatsuna kamar ana yanka su da reza. Can sai ga wani baƙin mutum cikin jibgegiyar riga har gwiwa, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Ku na 'yan Sakkwato? Sannunku da wahala, ba ku ga komi ba tukun." Malam Umaru ke nan, mutumin Gulma, shekararsa huɗu a can yana karatun injiniya, kuma shi ne shugaban ɗalibanmu. Da ya ji ni 'yar Argungu ce sai ya washe baki.

"Ɗiyar masunta! To nan ko gulbi daskarewa shi kai. Sai mu ga inda za ki kama kihi."

"In na kama ko ƙaya ba ni ba ka," na ce masa.

Ranar kaɗai na yi dariya da shi.

Kuma gaskiya ya faɗa kan gulbin. Bayan an yi wata biyu ana cusa mana harshensu, aka raba mu: maza aka kai masana'antu, ni aka sa ni jirgin ƙasa ni kaɗai zuwa wani ƙaramin gari mai cibiyar binciken ƙarafa. Akwai kogi a tsakiyar garin. Ranar da na fara ketare gadar na hangi tsofaffi zaune a kan kogin, a kansa fa, kowa bisa bokitinsa, sun huda ƙanƙara sun zura ƙugiya. Na tsaya ina kallonsu har hancina ya daina jin komai. Na so a ce Baba na kusa ya ga wannan abin mamaki, sai na tuna ko wasiƙa na rubuta sai ta yi wata kafin a karanta masa. A nan na fara kuka a ƙasar, a kan gada, hawaye na bushewa a kumatuna. Abinci kuwa burodi ne da dafaffen dankali da shayi, don ba na yarda da naman da ban san asalinsa ba. Sau da yawa ina zaune sai in ji ƙanshin bandar kifi da yankakkiyar albasa, in waiga, ba komai sai bango.

Ɗakin gwajin da aka kai ni a ƙarƙashin ƙasa yake, taga ɗaya ƙarama can sama, takalman masu wucewa kawai ake gani. Mutum uku na sani a gidan. Akwai Farfesa, mai ɗakin, wanda ke zaune a bene na uku, sau biyu na gan shi a wata shida. Akwai Madam Halina, tsohuwa mai kula da sito, makullai na rataye a ƙugunta. Sai Andire, ɗalibi mai neman babban digiri, dogo, gashinsa kamar gashin masara. Shi aka ce ya koya mini aiki. Koya mini! Allah Ya isa tsakanina da wannan kalma.

Na'urar ba wata abin tsoro ba ce. Sandar ƙarfe siririya kamar tsinken tsire ake ɗaurewa a tsaye cikin wani bututu mai sanyi. A ƙasanta an maƙala wani ƙarfe a gicciye mai nauyi a kowane gefe, da ɗan madubi kamar farce. Ana haska madubin, hasken ya faɗa kan wata doguwar rula a bango. In aka ɗan murɗa sandar aka saki, sai hasken ya dinga lilo a kan rular, hagu, dama, yana raguwa a hankali. Aikina in ƙirga sau nawa zai je ya dawo kafin faɗin lilon ya koma rabi. Ni in faɗi lamba, Andire ya rubuta a babban littafi.

Sandunan goma sha biyu ne. Uku masu jan fenti a kai, tsofaffi ne, Farfesa ya haɗa su da hannunsa tun da daɗewa. Tara masu shuɗin fenti, na Andire ne, su ne aikin digirinsa. Duka suna rataye da zare a cikin wani tulun ƙarfe mai wani ruwa da ya fi ƙanƙara sanyi, in an buɗe shi hayaƙi yake yi. Tulun yana cikin kejin waya mai kwaɗo, makulli ɗaya wurin Andire, ɗaya wurin Madam Halina da ke ƙara masa ruwan kowace safiya.

Kullum ina jin suna ambaton haidurojin. Na san ta tun sakandare, iskar nan da ake kai mata ashana a bakin kwalba ta ce fau. Amma me ya haɗa ta da ƙarfe? Na tambayi Andire da ɗan Turancin da muke haɗuwa a kansa.

"Ƙirga aka kawo ki yi," ya ce, ko ɗago kai bai yi ba.

"To me ya sa ake ajiye su cikin sanyi?"

"Don nan ne wurinsu."

Dokoki biyu kaɗai ya ba ni. Kada in kusanci tulun. Kuma kada ya tarar da ƙarfe a jiƙe a kan teburinsa. Wannan ta biyun da matsefin ƙarfe na ɗaukar sanduna ya koya mini ita: ya same shi da ɗigon ruwa, ya wurgo shi gabana, ya ce ko a dajin da na fito ba a san tsatsa ba.

Saboda tsoron kada in yi kuskure a ce ban iya ƙirga ba, na sayi ɗan littafi ina rubuta tawa lambar a ɓoye, da rana, da launin fenti. A nan na fara ganin abu. Masu jan fenti, lilonsu da wuri yake mutuwa, sha biyar, sha takwas, ya koma rabi. Kuma in ya tsaya, hasken ba ya zama a tsakiya nan take, sai ya tsaya ɗan gefe, sannan ya dinga rarrafe a hankali kamar katantanwa har ya iso wurinsa. Masu shuɗi kuwa sai idona ya yi ruwa ina bin su, sittin, sittin da biyar, kuma babu wani rarrafe. Wata rana na ce sittin da biyu, na saci kallon littafinsa na ga ya rubuta sha tara. Na ce wa kaina ƙila akwai wani lissafi da ake yi wanda ban kai gare shi ba. Wace ce ni? Mai wankin kwalba.

Sai kuma kunnena. Inna ba ta taɓa sayen tasa a kasuwar Argungu ba tare da ta ɗaga ta ta ƙwanƙwasa da farce ta saurara ba, mu ma haka muka taso. In Andire ya ciro sanda ya rataye ta kafin ya ɗaura, nakan ji ta bugi gefen ƙarfen na'urar. Fitowarsu daga tulu duk amonsu ɗaya ne. Amma in aka ɗan jima, farin ƙanƙara da ya lulluɓe su ya fara narkewa, sai masu ja su ce tak, a taƙaice, kamar an rufe musu baki, masu shuɗi kuwa su ce tiiin, har ya gaji ya ɓace. Na ɗauka abin kirki na gano. Na gaya masa.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Nan ba gidan kiɗa ba ne. Gangunanku kin baro su a gida."

Daga ranar na kama bakina.

Wata Juma'a da la'asar ya ciro masu jan fentin uku ya jera a faranti zai auna. Aka kira shi a waya. Ya dawo da sauri yana saka riga, ya ce, "Gyara teburin kafin ki tafi," ya fice. Ashe ya kulle kejin, ya tafi da makullinsa, Madam Halina kuma ta riga ta tashi.

Na gama shara na juyo na ga sandunan nan uku kwance cikin ruwa, farin ya narke, sun jiƙe sharkaf. Na tuna matsefin da aka wurgo mini. Na kuma tuna Baba, wanda bai taɓa barin ƙugiya ko mashi ya kwana da danshi ba. In ya dawo daga gulbi sai ya goge su ya jera a gefen murhu su sha ɗumi. Tun ina 'yar shekara shida ni ke jera masa. Sai na goge sandunan da tsumma mai tsabta, na kai su kan bututun ruwan zafi da ya ratsa ɗakin, wanda hannu ba ya iya daɗewa a kansa, na shimfiɗa su a jere. Wallahi har wani daɗi na ji. Na ce Litinin zai zo ya ga yadda 'yar daji ke kula da ƙarfe.

Suka yini Asabar a nan, suka yini Lahadi.

Litinin da safe ya shigo ya gan su. Ya ɗauki ɗaya ya ɗaura a na'ura, ya sanyaya ta, ya murɗa ya saki, ya ce in ƙirga. Sha biyar ta wuce. Talatin. Hamsin. Sittin da huɗu. Sandar Farfesa ta koma kamar masu shuɗi.

Na dubi fuskarsa. Da farko fari ta yi fat, tsoro ne sosai. Sannan na ga wani abu ya ratsa ta, gefen bakinsa ya ɗan ɗaga, kamar wanda ya daɗe ɗauke da kaya ya samu inda zai sauke. Wannan ɗan murmushin ne ba zan yafe ba har in mutu.

Sai ya fasa ihu. Ya damƙi wuyan hannuna ya ja ni har bakin matakala, mutane suka fito daga ofisoshi. Abin da yake faɗa da harshensu ban ji duka ba, amma na ji lamba, don lambobi na fi iyawa: sha biyu. Ya ce na buɗe tulu na kwashe sanduna goma sha biyu na gasa su, na hallaka masa aikin shekara biyu. Ina cewa uku, uku ne, ba wanda ya dube ni. Wani mai tsaron ƙofa ya ce lalata kayan gwamnati a ƙasarsu maganar 'yan sanda ce. Fasfona kuwa yana cikin durowar ofishinsu tun ranar da na zo. Sawun yatsun Andire ya yi mako a hannuna.

Bayan kwana biyu Malam Umaru ya iso da jirgin safe, da takarda a hannunsa rubuce da harshensu. Muka zauna a ɗakin baƙi na masaukina, ko rigarsa bai tuɓe ba.

"Kulu, mi kinka yi haka? Wa ya aike ki?"

"Malam, karanta mini abin da ke ciki."

"Ba wani abu ba na. Kin amsa kin ɗauki ƙarahuna sha biyu kin ɗora ga wuta bisa ganganci. Ki sa hannu, su ba ki fasfo, ki koma gida lahiya lau, ba 'yan sanda, ba wasiƙa zuwa Sakkwato."

"Uku na ɗauka."

"Uku, sha biyu, mi ab bambanci? Ɓarna dai kin yi ta."

"In babu bambanci su rubuta uku."

Ya cire hula ya sosa kai. "Ke ɗiyar masunta, nan ba bakin gulbi ba na da za ki tsaya ciniki. In kinka ƙi, kwamiti za su zama. In sunka rubuta Sakkwato, aikinki ya tahi, sunanki ya tahi, mu ma da muka saura a riƙa kallonmu da shi. Ki tuna da tsohonki."

Da ya ambaci Baba ne raina ya tashi. Na ce, "Shi na tuna. In je in ce masa mi? Na sa hannu ga ƙarya don mutumin Gulma na jin tsoron a kalle shi?"

Ya ninke takardar ya miƙe. "To Allah shi ba ki sa'a. Ni dai na hita." Ya kama jirgin azahar ya koma. Ɗan yankinmu ke nan, wanda muka sha ruwan gulbi ɗaya.

Washegari na je cibiyar don an ce kada in fasa zuwa, amma ba a bar ni na shiga ɗakin gwaji ba. Na zauna a kan akwati a bakin sito, na kifa kai. Sai na ji an dafa kafaɗata. Madam Halina ce da kofin shayi da tuffa guda. Ba ta jin Turanci, ni kuma harshensu kamar na yaron goye nake yi. Na ɗaga mata yatsu uku, hawaye na zuba. Ta dubi hagu ta dubi dama, ta kama makullin kejin da ke ƙugunta ta girgiza shi, ta ce a hankali, "Uku. Na sani." Ta tsaya a kaina har na shanye shayin.

Ranar Juma'a da hantsi aka zauna a ofishin Farfesa. Shi da wasu mutum biyu daga hukumar cibiyar, Andire a gefe da taye, ni a tsaye don ba a nuna mini kujera ba. Na amsa laifina tun kafin a tambaye ni: na shanya uku, ga dalilina. Da na faɗi maganar ƙugiyoyin Baba ɗaya daga cikin mutanen ya rufe baki yana dariya. Sannan na ciro ɗan littafina na ajiye a gaban Farfesa, na ce masu shuɗi tun ranar da na zo lilonsu sittin ne, ba ni na mai da su haka ba.

Andire ya ce jiya na zauna na rubuta shi.

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Madam Halina ce, ba wanda ya kira ta. Ta yi magana a tsaye. Daga baya na fahimci abin da ta ce: Litinin da sassafe, kafin kowa ya zo, ta buɗe kejin don ƙara ruwa, kwaɗon a kulle yake, kuma zare tara ta ƙirga a bakin tulun, kamar kullum in an ciri uku.

Andire ya ce tsohuwa ce, ta ruɗe. Ya ce ni kuwa ko bambancin sanda da sanda ban sani ba, balle in zo ina ƙaryata littafin bincike.

Ban san inda na samu bakin ba. Na ce, "Na san bambancinsu ko idona a rufe."

A karon farko Farfesa ya cire tabarau ya dube ni sosai. Ya aika aka kawo wani ƙaramin tulu daga ɗakinsa, mai sanda guda irin masu jan fenti da ya ajiye wa kansa, aka haɗa ta da wasu biyu da ba a taɓa sa musu komai ba, aka tsoma su tare. Na ɗaure idona da mayafina. Aka rataye ukun a gabana, aka sa mini cokalin shayi a hannu.

"Buga mana," in ji Andire.

"Ba yanzu ba."

"Kun gani? Ba ta san komai ba."

Na kai bayan hannuna kusa da su ina jin sanyin, na jira har na ji ɗigo ɗaya ya faɗo a yatsana. Na buga ta farko: tiiin. Ta biyu: tak. Ta uku: tiiin. Na ce ta tsakiya. Aka mai da su tulu aka sake jera su daban, na sake nunawa. Aka yi na uku. Sannan na kwance mayafina na ce a kawo masu shuɗi tara daga keji. Aka kawo. Ɗaya bayan ɗaya suka yi ta waƙa a ofishin nan, tiiin, tiiin, har tara.

Farfesa ya ɗauki ɗaya ya duba da gilashin ƙara girma ya daɗe. Ashe akwai wata fata da ke kan ƙarfen wadda sai an kankare ta kafin a tsoma shi a ruwan da ake shigar masa da haidurojin. Andire bai kankare da kyau ba, iskar ba ta taɓa shiga ba. Ya gane tun da daɗewa, lokaci kuma ya ƙure masa, sai ya dinga kwaikwayon lambobin sandunan Farfesa yana rubuta wa nasa.

Sai Farfesa ya juyo gare ni ya ce, "Kin san abin da kunnenki ke ji?" Na ce ban sani ba, ba wanda ya gaya mini. Ya ja takarda ya zana ƙwallaye a jere. Ya ce wannan ƙarfe gauraye ne, iri biyu aka narka aka haɗa, ƙwayoyinsa a jere suke da 'yan gurabe a tsakaninsu. Ƙwayar haidurojin ta fi kowace ƙwaya ƙanƙanta, sai ta shige guraben nan ta zauna. In aka murɗa sandar, wasu gurabe su matse, wasu su buɗe, sai ta tashi daga matsattsun ta koma masu faɗi. Amma ba nan take ba, tana ɗan makara. Kafin ta zauna sandar ta juya ɗaya gefen, sai ta sake tashi. Makarar nan ce ke shanye ƙarfin lilon ya mutu da wuri, ita ce kuma ke kashe amon. In sanyi ya yi tsanani ba ta iya motsi ko kaɗan, shi ya sa fitowarsu daga tulu duk amonsu ɗaya. In ɗumi ya yi yawa kuma tsallenta ya fi lilon sauri, ba ta makara. A tsakani akwai inda saurinta ya zo daidai da na lilon, a nan take cin ƙarfinsa sosai, wurin nan suke nema. Rarrafen da na gani kuwa, ita ce ke komawa gurabenta na da, ɗaya bayan ɗaya, bayan an saki sandar. Kuma in ƙarfen ya daɗe a cikin zafi, sai ta yi ta tafiya har ta iso baki ta fice, ba ta dawowa.

Tun bai rufe baki ba na gane. Gorar masunta ce. Gora wayam in ta hau ruwa ta dinga rawa ke nan, amma mai kifi a ciki nan da nan take natsuwa, don abin da ke cikinta na biyo bayanta a makare. Baba daga bakin gaɓa yake sanin gorar wa ke da kaya.

Na dubi agogon da ke bangonsa. Minti biyar bayanin ya ci. Minti biyar! Wata bakwai ina ƙarƙashin ƙasa ina ƙirga haske kamar jakin da ake kora a kan hanya, ina tambaya ana ce mini nan ne wurinsu. Da an ba ni minti biyar ɗin nan a makon farko, da hannuna ya kai sandunan nan kan bututu? Da ƙanƙara zan fita in nemo ko a ina take, in ɗebo da zanena in binne su a ciki. Na faɗi haka da Turanci, inda Turanci ya ƙare na ci gaba da Hausa, ina kuka ina nuna Andire da cokalin shayi. Ba wanda ya hana ni. Madam Halina ce ta zo ta karɓi cokalin ta riƙe hannuna.

To ga hukuncin, ku ji adalci. Ba a kira 'yan sanda ba, ba a rubuta Sakkwato ba, aka yaga takardar sha biyu. Andire aka ƙara masa wata shida ya sake aikinsa, don in aka kore shi sunan cibiyar zai ɓaci. Ni kuwa an ce zamana da shi a gida ɗaya ba zai yi daɗi ba, kuma sanduna uku dai ni na ɓata su. Aka ba ni fasfona da tikiti da takarda mai cewa na halarci horo. Na halarta, ba na ƙware ba. Ranar da zan tafi Farfesa ya sauko har ƙasa ya ce ina da kunne irin wanda ba a saya. Na ce na gode. A raina na ce ya riƙe yabonsa ya ɗumama ɗaki da shi. Madam Halina ta raka ni tasha, ta cusa mini safar ulu da ta saƙa a aljihu, ta tafi ba ta waiwayo ba.

A Birnin Kebbi suka juya takardar gaba da baya, suka ce ba ita ake nema ba. Na koma kan kwalabena. Ɗakin gwajin wani aka ba.

Sai da na yi mako uku kafin na iya zuwa Argungu. Na tarar Baba ya dawo daga gulbi bayan la'asar, yana tsugune gefen murhu, ya goge ƙugiyoyinsa yana jera su kusa da garwashi. Ban san lokacin da na yi tsalle ba. Na ce, "Baba, kada!" na kwashe su da hannu, ɗaya ta soke ni a yatsa, toka ta ƙona ni. Inna ta saki muciya tana salati.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya zare ƙugiyar daga yatsana a hankali, ya matse jinin, ya ce, "Zamna, ɗiyata. Hwaɗa mini."

Na faɗa masa duka, daga tsofaffin da ke zaune bisa kogi har cokalin shayi. Wurin tsofaffin ya sa na maimaita sau biyu. Da na gama ya juyo ya dube ni.

"Wa yag gaya miki ba a shanya nasu?"

"Ba kowa, Baba."

"Nawa kinka ɓata?"

"Uku."

"Nawa kinka amsa?"

"Uku."

Ya gyaɗa kai. "To masu tambaya su zo su tambaye ni." Ya tsinci ƙugiya ɗaya daga ƙasa, ya busa mata toka, ya miƙo mini. "Amshi. Wagga tamu ta, ba komi cikinta sai ƙarhe. Shanya min."

Na karɓa. Ƙugiyar ta bugi 'yan uwanta ta yi ƙara, na zabura kamar kullum. Bai ce in yi sauri ba. Ya zauna yana jira, yadda nake jiran hasken nan ya rarrafo ya iso tsakiyar rula. Na ajiye ta a gefen garwashi. Ya miƙo ta biyu.